Yadda tsami ke rufe ƙofar gishiri a tsokar kwaɗo, da abin da likitoci suka koya daga nan

Da zarar damina ta kankama a Gombe, kukan kwaɗi kan cika kwaruruka da gefen madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Kaɗan ne suka san cewa wannan ƙaramar dabba ce ta buɗe wa masana hanyar fahimtar yadda tsokar ɗan Adam ke motsi, da yadda take gajiya, da kuma wata cutar gado da ke sa ta sandare.

Dalilin zaɓen kwaɗo shi ne tsokarsa kan daɗe tana aiki bayan an cire ta daga jiki, muddin tana jiƙe cikin ruwan gishiri na musamman. Shi ya sa ɗaliban likitanci a jami'o'in Najeriya da dama suka saba fara darasin tsoka da ƙafarsa.

Birkin tsoka

Kowane zaren tsoka yana lulluɓe da siririn tantani, kuma akwai bambancin lantarki tsakanin cikinsa da wajensa. Idan saƙo ya iso daga jijiya, sinadarin sodiyam kan kwarara ciki, bambancin ya juye, tsoka ta tsuke.

Gishirin girki haɗi ne na sodiyam da kuloraid. Sodiyam ke tayar da tsoka, kuloraid kuwa birki ne: yana ratsa wasu ƙananan ƙofofi a tantanin, yana mayar da lantarkin matsayinsa na hutu, ta yadda tsoka ba za ta motsa ba gaira ba dalili.

A 1959, Alan Hodgkin da Paul Horowicz na Jami'ar Kambirij da ke Ingila sun nuna cewa kuloraid na ratsa tantanin tsokar kwaɗo cikin sauƙi. A 1960 kuma Otto Hutter da Denis Noble suka auna cewa kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin da tantanin ke bari ya wuce yayin hutu, kuloraid ne ke ɗauke da shi.

Tsami da kanwa

Ana auna tsami da ma'aunin pH. Lamba 7 ce tsaka-tsaki. Ƙasa da ita ɓangaren tsamiya da lemon tsami ne, sama da ita ɓangaren kanwa da toka. Jinin mutum yana kusa da 7.4.

A 1967, Hutter da Anne Warner sun riƙa sauya ruwan da tsokar kwaɗo ke ciki. Da ruwan ya yi tsami zuwa wajen lamba 5, sai kuloraid ya kusa daina wucewa. Da aka karkata shi ɓangaren kanwa, sai hanyar ta buɗe sosai. Sauyin ya fi kaifi a kusa da lamba 7, wato daidai inda jiki ke rayuwa, kuma yana komawa yadda yake idan an mayar da ruwan farko. Bayanin shi ne, ƙwayoyin haidirojin da ke haddasa tsami kan maƙale a jikin ƙofar, su hana kuloraid wucewa.

Idan birki ya lalace

A 1876, wani likita ɗan ƙasar Denmak, Julius Thomsen, ya bayyana wata cuta da shi da danginsa ke fama da ita: mutum ya damƙe hannu a gaisuwa ya kasa saki nan take. Akwai awaki a jihar Tenesi ta Amurka da kan sandare su faɗi idan sun firgita, kuma bincike a kansu ya nuna ƙarancin wucewar kuloraid ne sanadi. A 1991 ayarin Thomas Jentsch a Jamus ya gano ƙofar kanta, wadda ake kira ClC-1, a 1992 kuma aka danganta lahaninta da cutar a jikin mutane.

Saboda haka yaron da ƙafarsa ke sandarewa idan ya tashi tafiya, sannan ta saki bayan 'yan taku, likitan jijiyoyi ya kamata ya duba shi, a cibiya irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, domin akwai magungunan da ke sassauta matsalar.

Darasi ga 'yan wasa

An daɗe ana ɗora laifin gajiya a kan tsamin laktik da ke taruwa a tsoka. Sai dai masana a Jami'ar Aarhus ta Denmak a 2001, da su da abokan aikinsu na Ostireliya a 2004, sun nuna wata fuska ta daban a tsokar ɓera.

Yayin aiki mai tsanani, sinadarin fotasiyam kan fita ya taru a wajen zaren, saƙon lantarki ya raunana. Da birkin kuloraid zai ci gaba da kamawa da ƙarfi, da saƙon ya mutu a hanya. Tsamin da ke cikin zaren kan rage wucewar kuloraid, saƙon mai rauni ya samu isa.

Ke nan ɗan ƙwallon da ke gudu a filin wasa na Pantami, ko manomin da ke huɗa, tsamin tsokarsa yana taimaka masa ta wannan gefe, ko da yake masana na ci gaba da muhawara kan illarsa ga ƙarfin tsukewar tsokar. Ciwon jikin da kan biyo baya da kwana ɗaya ko biyu kuwa ba daga laktik yake ba, domin jiki kan kawar da shi cikin kusan sa'a guda. Ƙananan raunuka ne a zaren tsoka, kuma hutu ke warkar da su.