Yadda Fenti Ke Mai Da Ƙofar Zamani Ƙyauren Dā A Jalingo

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan, ko Shagamu, babban burinsa shi ne ya kafa ɗan gini a gida. Yakan aika da kuɗi kaɗan-kaɗan, bana a yi bulo, baɗi a ɗora kwano. Sai an zo kan ƙofa ne magana ke tsayawa, domin ƙofa ita ce fuskar gida, kuma mutane da yawa suna sha'awar irin ƙyauren nan mai duhu da nauyi da suka tashi suna gani a zauren kakanninsu. To, a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, itacen da ake yin irin wannan ƙyaure ya yi wuya, ya kuma yi tsada. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne gwangwanin fenti da hannun gwani.

Jalingo ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Katsina. A cikin shekarar 1893 ne Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa shi a matsayin sansanin yaƙi kusa da Kona, daga baya ya zama mazaunin masarautar. Garin ya yi ta tafiya a hankali har ran 27 ga watan Agusta, 1991, lokacin da aka raba tsohuwar Jihar Gongola aka fitar da Taraba. Daga nan ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, unguwanni irin su Magami da Mayo Gwoi da Nukkai suka cika da sababbin gine-gine. Yawancin gidajen nan ƙofa iri biyu ce a jikinsu: ta ƙarfe wadda mai walda ya haɗa ko aka shigo da ita daga ƙasashen waje, da kuma ta filawud mai sulɓi wadda cikinta fanko ne.

Ƙyauren Dā

A zamanin dā talaka tufaniya yake sa wa ɗakinsa, ya rataya asabari saboda iska. Ƙyauren katako na zauren masu hali ne. Akan jera faffaɗan katako huɗu ko biyar na maɗaci ko madobiya ko ƙirya, a ɗaure su da ƙarafan da maƙeri ya buga, a kafe da ƙusoshi masu faɗin kai. Ba a shafa masa fenti. Hayaƙi da ƙura da gumin hannun masu shiga da fita su ne ke ba shi launi, shekara bayan shekara. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano ya ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da aka adana a can, zai gane irin kwarjinin da ake nufi.

Madobiya kuwa ita ce abin tausayi. Ita ce itacen da masu saran daji a Taraba suka laƙaba wa suna "Madrid". Attajiran ƙasar Sin suna sonta ƙwarai don yin kujeru da gadaje masu tsada, saboda haka aka far wa dazuzzukan Bali da Gashaka da injin sara. Mazauna Kudu da yawa sun ga manyan motoci maƙare da gungumenta suna bi ta Shagamu zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko. A taron da ƙasashen duniya suka yi a Johannesburg cikin 2016, an sa madobiya a jerin itatuwan da ba a fita da su sai da takardar izini, a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. A ƙarshen 2018 kuma aka nemi ƙasashe su dakatar da sayenta daga Nijeriya. Amma kafin nan an riga an yi ɓarna mai yawa, alhali kuwa itace ne mai jinkirin girma.

Saboda haka duk wanda ya matsa wa kafinta lalle sai ya samo masa madobiya, ɗayan biyu ne: ko dai ya biya kuɗi mai yawa a sare ɗaya daga cikin 'yan ragowar, ko kuwa a shafa wa wani katako launi a sayar masa da sunanta. Gara mutum ya nemi aikin fenti da saninsa, ya biya kuɗin fenti.

Yadda Ake Aikin

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Ingila, cikin ƙarni na 19, sana'a ce mai zaman kanta. Wani gwani mai suna Thomas Kershaw ya yi suna a babban baje kolin Landan na 1851 saboda yadda yake mai da katako mai araha ya yi kama da mai tsada. Kayan aikin kuwa duk ana samunsu a kasuwar Jalingo: fentin mai kala biyu, da tina, da burushi, da samfefa, da foti, da banish, da tsumma mai tsabta.

Da farko a cire ƙofar a kwantar da ita bisa benci a inuwa. A wanke ta da ruwa da sabulu, a toshe ramuka da foti, a goge da samfefa har sulɓin tsohon fenti ya mutu. In ta ƙarfe ce, a kankare tsatsa da burushin waya, a fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa. Bayan haka sai shafin ƙasa, watau fenti mai haske, launin ƙasa-ƙasa da ya ɗan karkata zuwa rawaya. A bar shi ya kwana ya yini ya bushe sarai. A nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki, domin in na ƙasa bai bushe ba, na sama zai cakuɗe da shi.

Sa'an nan a ɗauki miƙaƙƙen katako da fensir a raba fuskar ƙofar gida huɗu ko biyar daga sama zuwa ƙasa, kamar dai jerin katakan ƙyaure. Kada faɗinsu ya zo daidai wa daida, don masassaƙan dā ba da ma'auni suke tsaga itace ba. Sai a dama fenti mai duhu, launin makuba, da tina har ya yi ruwa-ruwa kamar koko. A shafa wa gida ɗaya kawai. Tun yana ɗanye a ja matsefi a kansa daga sama har ƙasa ba tare da ɗaga hannu ba, ana ɗan karkata shi hagu da dama. Matsefin ba sai an saya ba. Ana yanka shi daga tsohuwar tayar mota ko gindin silifas, a yi masa haƙora manya da ƙanana. Inda haƙori ya bi, hasken ƙasa zai fito, sai ga zanen jijiyar itace. In bai yi kyau ba a share da tsumma a sake. Yana da kyau a fara gwadawa a bayan ƙofar.

Abin da ke kawo kamar tsufa shi ne lura. Tsohon ƙyaure ba ya tsufa bai ɗaya. Wajen sakata da inda hannu ke turawa yakan yi haske da santsi, gefe-gefe da ƙasa kusa da dokin ƙofa kuwa yakan yi duhu. Saboda haka a ɗan goge tsakiya da tsumma, a ƙara duhu a kusurwoyi, a ja baƙin layi siriri tsakanin katako da katako. Mai son ƙari sai ya je wa maƙeri ya buga masa ƙarafa biyu ko uku a gicciye, da ƙusoshi masu faɗin kai. Sai dai a tuna ƙofar filawud fanko ce, ƙusa ba ta kamawa sai a gefe inda katakon firam yake. A ƙarshe a shafa banish sau biyu, wanda ba ya ƙyalli da yawa, har da saman ƙofar da ƙasanta, don ta nan ruwa ke shiga ya kumbura filawud.

Lokacin aiki ma abin dubawa ne. Da damina katako yakan sha danshi, fenti ya ƙi bushewa. Da hunturu kuwa ƙura ce ke manne masa. Lokacin da ya fi dacewa a Jalingo shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin buji ya sauko. Wanda ke son gwadawa a Ikko ko Fatakwal sai ya ƙara wa kowane shafi lokacin bushewa saboda raɓa, kuma in gidan haya ne ya nemi yardar mai gida. Har ila yau, kada a shafa baƙin man mota don korar gara kamar yadda wasu ke yi. Fenti ba ya kama jikinsa, ga shi kuma guba ne.

Hattara Da Dalma

Akwai haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Wasu fentin mai, musamman ja da rawaya, suna ɗauke da dalma. Tun 1978 Amurka ta hana sa ta a fentin gida. Mutanen Arewa ba su manta da abin da ya faru a Zamfara cikin 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. A can daga duwatsun zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Don haka in za a goge tsohon fenti, a jiƙa samfefa da ruwa don kada ƙura ta tashi, a yi aikin a waje, a nisanta yara da mata masu ciki, a wanke hannu kafin cin abinci. Wajen saye kuma a duba gwangwani, a nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma.

Ga Mai Aikowa Da Kuɗi

Wanda ke gini daga nesa, sai ya faɗa wa wakilinsa ƙarara abin da yake so, a rubuta shi, a bambanta kuɗin ƙofa da na fenti da na aiki. In an ce masa ƙofar madobiya ce, gwajin ba shi da wuya. A ƙwanƙwasa ta, fanko ba ya ɓoye muryarsa. A ɗaga ta a ji nauyi. A leƙa samanta, domin jijiyar itacen gaske tana ratsawa har can, ta fenti kuwa a fuska take tsayawa.

Daɗin daɗawa, in akwai tsohon ƙyaure na gaske a gidan gado, kada a bari a faskara shi a hura wuta, ko a sayar wa 'yan gwangwan saboda ƙarafan jikinsa. Wanki da ɗan man shafawa kawai yake bukata. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Fenti yana iya kwaikwayon kamarsa, ya rufa wa mai ƙaramin ƙarfi asiri, ya kuma bar wa dajin Taraba ragowar madobiyarsa ta girma. Allah ya sa kowa ya gama gininsa lafiya, ya kuma shiga da ƙafar dama.