Idan Murya Tana Yankewa Ana Tsakar Ciniki

'Yan uwa fatake da dillalai, yau ciniki da yawa a waya muke ƙulla shi. Dillali yana tsaye a kara a Maigatari ko Illela, ya turo hoton bijimi ta WhatsApp, mai dukiya yana gida a Damagaram ko Ƙonni zai ce a saya ko a bari. In murya ta yanke a nan, wani ya riga mu.

Akwatin wifi da muke sa wa SIM a gida, daga dogon ƙarfen kamfani yake ɗauko rezo, saboda haka wurin ajiye shi ne babbar magana. Rufin kwano da bangon siminti suna tare rezo. Mu ɗaga shi sama kusa da taga, mu yi ta sauya masa wuri har fitilun rezo su ƙaru. Amma kada rana ta doke shi, zafin bazara yana rage masa kuzari.

In yana da 2.4 da 5 GHz, to 5 ya fi sauri amma bango yana karya shi. Wanda ke zaure ya kama 2.4.

Kiran murya ba ya cin abu mai yawa. Bidiyon yara ne ke shaƙe layi, don haka ranar kasuwa su dakata, ko a sauya lambar sirri.

Mu na bakin iyaka kuwa, irin su Ɗan Issa, SIM takan tsallaka ta kama rezon maƙwabta, kira ya lalace, kuɗi su tafi. A shiga saitin akwatin a zaɓi rezon gida da hannu.