Alkama, Inabi da Doka: Yadda Katolika Ke Tsayar da Ibadar Mas

Ojoo ita ce ƙofar Ibadan ta arewa. Motocin da suka taso daga Kano da Sakkwato da Jos ɗauke da tumatir da albasa da shanu a nan suke fara sauke gajiya. Kasuwar Shasha na kusa, barikin Odogbo, hedikwatar runduna ta biyu ta sojan ƙasa, yana gefe. Tun da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916 baƙin Arewa suke ƙaruwa a wannan birni, har suka bazu zuwa Bodija da Ojoo da Shasha. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikin masu magana da Hausa a wannan yanki ba kowa ne Musulmi ba. Akwai soja ɗan Zangon Kataf, akwai direba ɗan Shendam, akwai mai gadi ɗan Zuru, akwai kuma Bahaushe Kirista daga wajen Malumfashi. Da yawansu 'yan ɗariƙar Katolika ne, kuma ranar Lahadi sukan nemi coci mafi kusa.

Irin wannan baƙo yakan shiga cocin da ake ibada da Yarbanci, harshen da bai iya ba, amma ba ya ɗimuwa. Ya san inda za a miƙe, inda za a zauna, inda za a durƙusa. Karatun da ake yi a gabansa shi ne ake yi wa iyalinsa a gida a wannan rana, launin rigar da fada ya saka shi ne fadan ƙauyensu ya saka. Wannan daidaito aikin doka ne, dokar da aka yi ƙarnoni ana rubutawa ana gyarawa, kuma ina ganin maƙwabcin da ya san ta zai fahimci abubuwa da dama da yake gani a titi yana yi musu wata fassara.

Ibadar da ake kira Mas kashi biyu ce manya. Kashin farko na karatu ne. Bayan jama'a sun amsa laifinsu gaban Allah sun nemi jinƙai, ranar Lahadi akan yi karatu uku: ɗaya galibi daga Tsohon Alkawari, a rera Zabura, ɗaya daga wasiƙun manzanni, sannan kowa ya miƙe don karatun Bishara. Fada ba ya zaɓar abin da ransa ke so. An tsara karatun Lahadi a zagayen shekara uku, shekarar Matiyu, shekarar Markus, shekarar Luka, ana saka Yohanna a lokutan da aka ware masa. Sai wa'azi, sai furta shahadar bangaskiya, sai addu'o'in jama'a. Kashi na biyu shi ne zuciyar al'amarin: a kawo gurasa da ruwan inabi kan bagade, fada ya ɗiga ruwa kaɗan cikin inabin, ya karanta doguwar addu'ar godiya wadda a cikinta yake maimaita kalmomin da Bishara ta ce Yesu ya faɗa a jibin ƙarshe da almajiransa. Daga nan a yi addu'ar Ubangiji, a gaisa da juna da salama, waɗanda suka cancanta su karɓi jibi, a sallami jama'a.

A nan ne Katolika suka bambanta da yawancin sauran Kirista. ECWA ko Baptis na ɗaukar jibin Ubangiji a matsayin tuni. Katolika kuwa sun yi imani cewa bayan waccan addu'a gurasar da inabin sun zama jiki da jinin Almasihu da gaske, kama da ɗanɗano ne kawai suka rage. Taron Lateran na huɗu a 1215 ya rubuta wannan, taron Trent ya ƙara tabbatar da shi a 1551. Musulmi bai yarda da wannan ba tun daga tushe, domin Alƙur'ani ya kore gicciyewar Annabi Isa, alaihis salam, kuma babu amfanin a shafa wa wannan bambanci mai. Amma wanda bai riƙe wannan imani nasu a ransa ba, ba zai gane dalilin tsananin dokokinsu ba. Duk abin da zai biyo baya daga nan ya taso.

Wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san yadda malaman fiƙihu ke rarrabe abin da ke ɓata ibada da abin da ke jawo laifi amma ibadar ta inganta. Katolika ma suna da wannan rarrabewa, kuma tana cikin kundin dokokinsu na 1983. Doka ta 924 ta ce gurasar ta zama ta alkama zalla, sabuwar yi, inabin kuma ya zama na 'ya'yan inabi na ainihi, wanda bai lalace ba. A cocin da ke bin tsarin Roma ba a sa yisti. Wato gurasar Jakara, duk da alkama ce, ba ta shiga, balle ƙosai ko waina. In aka yi da garin gero ko rogo, a wurinsu ba a yi Mas ba sam. A 2017 ofishin ibada na Fadar Paparoma ya sake aika wa bishop-bishop wasiƙa kan su binciki inda ake sayo waɗannan kaya, ya kuma ce gurasar da aka tsame mata sinadarin alkama gaba ɗaya ba ta inganta.

Wannan doka ta sha muhawara a Afirka, kuma muhawarar mai nauyi ce. Wasu malaman tauhidin Kirista na nahiyar sun tambaya: in jibin abincin yau da kullum ne Yesu ya ɗauka, me ya sa manomin gero zai jira kayan da aka shigo da su daga ƙetare? Alkama dai muna nomanta a Kadawa da kwarin Haɗeja, amma inabin Mas yawanci daga waje yake zuwa, da kuɗin waje. Roma ta tsaya kan cewa abin da Yesu ya yi amfani da shi ba na kowa ba ne ya sauya. Na fahimci ƙorafin masu tambaya, amma a ganina Roma ta fi su hujja a bisa ma'aunin addininta: ibadar da kowace ƙasa za ta sauya mata ginshiƙi ba za ta daɗe tana ɗaya ba, kuma baƙon nan na Ojoo shi ne zai fara asara.

Mai tsayar da ibadar ma an ƙayyade shi. Fada ne kaɗai ko bishop. Katikis, wanda shi ne ƙashin bayan coci a ƙauyukan Arewa, kuma ake horar da irinsa a cibiyar Malumfashi, yana iya jagorantar addu'ar Lahadi in babu fada, amma abin da ya yi ba Mas ba ne. Wa'azin cikin Mas ma an keɓe shi ga fada ko dikin. A ƙa'ida fada sau ɗaya yake Mas a yini. Saboda ƙarancin limamai bishop na iya ba shi izinin sau biyu, ranar Lahadi har sau uku. Ibadan na da babban rabo wajen samar da limamai, domin makarantar horar da limamai ta Waliyyai Bitrus da Bulus tana Bodija, 'yan Dominikan kuma suna da cibiyar karatunsu a Samonda, duk a kan hanyar da ke kai mutum Ojoo. Saurayi kan shafe shekara takwas ko fiye yana karatun falsafa da tauhidi kafin a ɗora masa hannu. Mai kula da duk wannan a yankin shi ne Babban Bishop na Ibadan, kujerar da aka ɗaga zuwa wannan matsayi a 1994 a zamanin Felix Alaba Job, Gabriel Abegunrin ya gaje shi bayan naɗin 2013.

Sai mai karɓa. Dole ya zama Katolika da aka yi wa baftisma aka kuma shirya shi, ba shi ɗauke da babban zunubin da bai furta wa fada ba. Ya kame baki daga ci da sha awa ɗaya kafin jibi, ban da ruwa da magani. Tsofaffi na tuna lokacin da kamun bakin ke farawa tun tsakar dare. Paparoma Pius na 12 ya mayar da shi awa uku a 1957, Paul na 6 ya mayar da shi awa ɗaya a 1964. Wannan ya shafi Bahaushen da abokin cinikinsa ya gayyace shi ɗaurin aure ko jana'iza a coci: in layi ya tashi zuwa bagade, ya zauna a wurinsa. Ba wulaƙanci aka yi masa ba, ko Kirista ɗan wata ɗariƙa zama yake yi. Gurasar da ta rage kuwa ana kulle ta a akwati na musamman, fitila na ci kusa da shi dare da rana, wanda kuma ya wulaƙanta ta da gangan ya kori kansa daga coci nan take, Fadar Paparoma kaɗai ke iya ɗage masa hukuncin.

Kada a ɗauka komai a daskare yake. Littafin Mas da Pius na 5 ya fitar a 1570 ya yi kusan shekara 400 da Latin, fada na fuskantar bagade yana ba jama'a baya. Da haka fadannin mishan suka iso Shendam a 1907. Babban taron Vatican na biyu, a takardarsa ta 4 ga Disamba 1963, ya buɗe ƙofa ga harsunan mutane, sabon littafi ya fito a 1970. Daga nan gangar Yarbawa ta shiga cocin Ibadan, waƙoƙin Hausa na ƙungiyar mawaƙa da Zumuntar Mata suka cika cocin Kaduna da Kano. A 1988 Roma ta amince wa ƙasar Zayar da tsari nata mai rawa a ciki. A 2017 Paparoma Francis ya ƙara wa tarukan bishop-bishop na ƙasashe iko kan fassara. Yau ana Mas da Hausa daga Maraɗi har Jos, kuma a 2023 aka kafa dayosis ta Katsina aka naɗa mata Gerald Mamman Musa, Bahaushe, a matsayin bishop na farko. Harshe da kiɗa da wasu motsin jiki suna karɓar sauyi. Har gaisuwar hannu an dakatar a Legas lokacin Ebola a 2014. Ginshiƙan ne ba a taɓawa.

Abin da ya kamata ɗan Nijeriya ya sani shi ne, takarda mafi tsauri da aka fitar a wannan zamani kan gyaran Mas, hannun ɗan ƙasar nan ne a kanta. Kadinal Francis Arinze, ɗan Eziowelle a jihar Anambra, ya yi shekara 18 yana shugabantar ofishin Fadar Paparoma mai hulɗa da sauran addinai, shi ne ke aika wa Musulmi saƙon barka da salla. A 2002 aka mayar da shi ofishin ibada, a Maris 2004 ya sa hannu kan takardar Redemptionis Sacramentum. Jigonta shi ne, Mas ba mallakar fada ba ce. Ba shi da ikon ƙirƙiro addu'ar godiya tasa, ko sauya karatun Littafi Mai Tsarki da wani rubutu, ko miƙa wa'azi ga wanda ba fada ko dikin ba. Ta kuma ba kowane mai bi, ko da talaka ne, haƙƙin kai ƙara ga bishop in ya ga an karkata. Wani ɗan Afirka, Robert Sarah na Gini, ya riƙe ofishin daga 2014 zuwa 2021.

Me ya sa ake ta nanata doka? Domin ana karya ta, kuma a Nijeriya kuɗi ne kan gaba wajen karyawa. A 2024 taron bishop-bishop na ƙasar ya fitar da sanarwa yana tsawatar wa limamansa kan yawan karɓar baiko, da tara kuɗi a tsakiyar ibada, da tsawaita ta ba gaira ba dalili, da waƙoƙin da ba su dace ba, da mayar da mumbari wurin biyan buƙatar kai. Ibadan birni ne da cocin masu warkarwa da annabci suka yi yawa, kuma fadan da ke tsoron jama'arsa su gudu can yakan fara kwaikwayonsu. Alhali dokarsu ta ce a nisanta Mas daga duk abin da ya yi kama da ciniki, kada kuma a hana matalauci ibada don ba shi da abin bayarwa. Wannan ya dame ni, domin wanda ke cutuwa shi ne ɗan dakon da ya zo da naira ɗari biyu a aljihu, aka tashe shi sau huɗu zuwa akwatin baiko a gaban mutane. Binciken da wata cibiya ta Jami'ar Georgetown ta Amurka ta bayyana a 2023 ya nuna kashi 94 cikin ɗari na Katolikan Nijeriya suna zuwa Mas aƙalla sau ɗaya a mako, ba ƙasar da ta kai haka cikin waɗanda aka auna. Mutanen da ba su fasa ba bayan harin Madalla a Kirsimetin 2011 da na Owo a Yunin 2022 sun cancanci a ba su ibadarsu yadda take a rubuce.

Sau ɗaya a shekara wannan ibada takan fito titi. Bikin jiki da jinin Almasihu, wanda Paparoma Urban na 4 ya kafa a 1264, yana faɗowa a Mayu ko Yuni, tsakiyar damina a kudu, don haka a Nijeriya ake ɗage jerin gwanonsa zuwa Lahadin Almasihu Sarki a ƙarshen Nuwamba. Ranar za ka ga fada ƙarƙashin laima, riƙe da wani abu mai kama da rana da gurasar a tsakiyarsa, jama'a na biye da waƙa, wasu na durƙusawa a kan kwalta. Mutanen Ojoo da Shasha sun ga rikicin da ƙaramar gardama ta haifar a Fabrairun 2021. Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin direbobi da 'yan kasuwa su nemi sanin ranar jerin gwanon tun da wuri su sanar da yaransu, limaman coci su ma su aiko da sanarwa kafin lokaci kamar yadda ake yi wa hanyar Idi. Direban da ya ci karo da jerin ya rage gudu, ya ɗaga hannu daga oda, ya jira su wuce.