Baƙon Ɗakin Ƙofar Gida: Ɗalibi Daga Amurka a Unguwar Kanawa

Unguwar Kanawa ba ta cikin wuraren da ake kai baƙo yawon buɗe ido a Kaduna. Tana kan titin da ya taso daga Unguwar Sarki ya nufi Kawo, tana maƙwabtaka da tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, wadda aka buɗe a 1964. Mai wucewa a mota ba abin da zai gani sai shaguna a jere, masu faci, teburan shayi, da 'yan Keke Napep suna rububin fasinja. Sai wanda ya sauka ya kutsa cikin lungu ne zai gane cewa unguwa ce ta mutanen da suka san juna, inda ake sanin wanda ya haihu da wanda ya kwana da ciwo kafin rana ta take.

A nan wani ɗalibi ɗan Amurka ya yi zaman karatunsa, a shekarun da hanyoyin Arewa ke da lafiya. Digirin digirgir yake yi a fannin tarihi, yana bin diddigin yadda Turawan mulkin mallaka suka tsara haraji a lardunan Kano da Zazzau. Irinsa sukan kama masauki a unguwannin manya, inda akwai janareto da maigadi. Shi kuwa ya roƙa a samo masa ɗaki cikin jama'a, aka haɗa shi da wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya ba shi ɗakin ƙofar gida da samarin gidan suka tashi daga ciki. Katifa ɗaya, tabarma, buta, da ƙusa a bango don rataye riga.

Ba hannu rabbana ya zo ba. An daɗe ana koyar da Hausa a jami'o'in Amurka irin su Wisconsin da Indiana, kuma akwai waɗanda suka share masa hanya. Paul Newman ya fara zuwa Nijeriya a 1961 cikin matasan Peace Corps, ya koyar a Maiduguri, daga baya ya shugabanci cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a Kano, shi ne kuma ya wallafa babban littafin nahawun Hausa a 2000. John Paden ya rubuta tarihin Sardauna da ya fito a 1986. Beverly Mack ta zauna da mata marubuta waƙa a Kano, Carmen McCain kuma, wadda 'yan fim suka fi sani da Talatu, ta yi nata binciken a cikin Kannywood. Littattafan irin waɗannan ya karanta kafin ya hau jirgi.

Amma Hausar aji daban, ta lungu daban. Washegarin saukarsa ya fito da jaka a kafaɗa, ya jefa wa uwargidan "sannu" guda ɗaya yana tafiya. Maigidan na zaune kan buzu a zaure, ya kira shi. "Zo nan, ɗana. A gidan nan ba a gai da babba a tsaye, ba a kuma gai da shi ana sauri." Daga ranar ya koyi cire takalmi, ya rusuna, ya tambayi kwana da gajiya da iyali, ya jira a tambaye shi nasa. Maigida ya zama Baba, uwargida ta zama Hajiya. Yara sun daɗe suna bin sa da "Bature, Bature," har ranar da Hajiya ta tsawata musu ta ce yayansu ne.

Safiyar unguwar tana farawa da kiran salla daga masallatai da yawa a lokaci guda, can kuma a jiyo waƙar sojoji masu gudun motsa jiki daga ɓangaren bariki. Yakan sayi koko da ƙosai wajen wata mata a bakin lungu. In famfo bai zo ba, ya tsayar da ɗan garuwa kamar kowa. In an ɗauke wuta ya kai wayarsa shagon caji, in an kawo kuma ihun yara ne zai sanar da shi, ya ruga ya jona kwamfutarsa. Tuwon dare daga cikin gida ake aiko masa a kwano rufe da faifai, miyar kuka ko ta kuɓewa, ran Juma'a shinkafa. Da damina ta kankama zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Abin da ya fi ba shi mamaki ba ciwon ba ne, 'yan dubiya ne: mai shayi, liman, tela, har tsohuwar da ke sayar da daddawa, kowa ya leƙo ya ce sannu, wani da lemo, wani da kunu a jug. A garinsu, in ji shi, mai ciwo rufe ƙofa yake yi.

Da hantsi yakan hau Keke zuwa ɗaya daga wurare biyu. Na farko Arewa House da ke titin Rabah, harabar gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har daren 15 ga Janairun 1966 da aka kashe shi. A 1970 aka mai da wurin cibiyar binciken tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya fara jagorantarta, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Na biyu ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, inda aka tara fayilolin ofishin Sakataren Lardunan Arewa da na kowane lardi, da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Tunda Kaduna ce hedikwatar Arewa daga 1917, da aka taso daga Zungeru, har zuwa 1967, takardun mulkin yankin nan suka tattaru.

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan fayil ba, zai yi masa wuya ya gane abin da ke jan mutum daga wata nahiya. Bango ne mai ruwan ƙasa an ɗaure da zare. In ka kwance, takardar ta yi ja, gefenta na marmashewa a yatsa. Ga rahoton Di'o da keken rubutu: gari kaza, magidanta kaza, shanu kaza, jangali kaza. Ga Razdan ya yi tsokaci a gefe da jan alƙalami. A tsakiya kuma sai ka ci karo da 'yar wasiƙa da tawadar gargajiya, daga hakimi zuwa sarki, ko daga talakawan wani ƙauye masu kukan an ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu a shekarar fari.

A kan irin wannan wasiƙa ɗalibin ya cije. Ya yi Larabci a jami'a, amma hannun magatakardan da ya gagare shi, ga kalmomin Hausa sun shiga tsakani. Ya kawo hotonta gida ya nuna wa Baba, Baba ya ce a kai wa alaramman da ke da makarantar allo a bayan layinsu. Bayan sallar isha'i suka je. Malam ya gyara tabarau, ya matso da fitila, ya bi layin da yatsa yana karantawa a hankali kamar mai bitar allo. Ya warware sunan garin da ɗalibin ya ɗauka sunan mutum ne, ya bayyana masa ma'aunin hatsin da aka ambata, ya kuma nuna masa inda marubucin ya sassauta harshe don kada sarki ya ji zafi. Da ya gama sai ya ɗago ya tambaya, a ina ake ajiye irin waɗannan? Aka ce masa nan cikin gari, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Malam ya yi shiru. Shekarunsa sun haura sittin a Kaduna, ba wanda ya taɓa gaya masa. Daga nan kusan kowane dare ɗalibin na gaban Malam da sabuwar takarda, kuma a ganina rabin digirin nan a zauren aka yi shi.

Ranar Asabar ta yawo ce, kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Yaran gida da na maƙwabta sukan cika Keke biyu. Sun je gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu, tsohon ofishin jam'iyyar NPC da aka mayar gidan tarihi a 1975, suka ga kawunan yumɓu na Nok waɗanda suka haura shekara dubu biyu. Sun tsaya gaban Lugard Hall, inda majalisar Arewa ta zauna. Sun je Ƙofar Gamji a bakin kogi, suka taka gadar ƙarfen da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a kwance ta a kawo Kaduna. Mafi yawan yaran nan ba su taɓa shiga ko ɗaya daga wuraren ba, alhali gidan tarihin yana kan titin da suke bi kullum.

Da azumi ya bi Baba Masallacin Sultan Bello, ya zauna daga waje yana sauraron tafsiri ta lasifika, a wurin da marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru yana karatu har rasuwarsa a 1992. Da Salla suka shiga mota a tashar Kawo zuwa Zariya kallon hawa, ya ga masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Yakan kuma ƙetare gada zuwa Barnawa da Sabon Tasha wajen abokan da ya yi a ɗakin karatu. Bai daɗe ba ya lura da abin da rikicin 2000 da na 2002 suka bari: Musulmi sun tattaru arewa da kogi, Kirista kudu, har akwai matasan da suka girma ba su da aboki ko ɗaya a ɗaya gaɓar. Shi da yake baƙo yana shiga ko'ina, ya fi 'yan gari da yawa sanin garin.

Zaman bai rasa ƙaiƙayi ba. A teburin mai shayi, da an gama labaran BBC ko Muryar Amurka, sai a juyo kansa a tambaye shi dalilin yaƙin Iraƙi da halin da Falasɗinawa ke ciki, kamar shi ne ya ba da umarni. Yakan faɗi ra'ayinsa, wani lokaci a rabu ba a daidaita ba, gobe kuma a matsa masa wuri a benci. Masu neman ya samo musu biza ba su ƙirguwa. Batun hoto ne kawai Baba ya kafa masa doka a kai: kada ya ɗauki almajiri ko matar aure ba izini, kada kuma ya cika kyamararsa da kwata da bola ya kai wa mutanensa a matsayin Kaduna. Dattijon yana da hujja. A watan Oktoban 1961 wata 'yar Peace Corps, Margery Michelmore, ta rubuta kati daga Ibadan tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Abin da baƙo ya aika gida shi mutanensa za su ɗauka gaskiyarmu ce.

Yau irin wannan baƙo ya yi wuya. Jami'ar Boston, wadda ta shafe fiye da shekara ashirin tana tura ɗalibai Yamai suna koyon Hausa da Zabarmanci, ta dakatar da shirin a 2011 bayan an sace wasu Faransawa biyu a birnin. A nan gida an kai hari mazaunin NDA na Afaka a watan Agustan 2021, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, gwamnatin Amurka kuma ta sa jihar cikin wuraren da take gargaɗin 'yan ƙasarta kada su je. Jami'ar da ta ga wannan ba za ta saki ɗalibinta ba. Masu rubutu a kanmu da yawa yanzu daga otal a Abuja suke yi, ko daga ɗakunan karatu na Landan, ba su taɓa zama gaban alaramma ba, kuma ana ganin haka a abin da suke rubutawa.

Takardun dai suna nan a titin Yakubu Gowon da titin Rabah, zafi da ƙura na cin su a hankali, masu iya karanta hannun da kuma suna ta raguwa. Ba sai mun jira wani ya taso daga Amurka ba. Shugabannin makarantun boko da na Islamiyya na Unguwar Kanawa, Unguwar Shanu, Abakwa da Badarawa, ku ware rana ɗaya a zangon karatu ku kai yara Arewa House da gidan tarihin Ali Akilu. Ɗaliban tarihi na jami'o'inmu kuma, in za ku ma'adanar takardu, ku tafi da malaman zaure, tun suna da ran da za su karanta muku.