Ɗaurewar Jijiya: Wadda Ke Saki da Wadda Ba Ta Saki

Tsakar dare mutum na barci, sai ya farka da ihu, sha-raɓarsa ta dunƙule ta yi tauri kamar dutse. Da safe sai ya ce jijiya ce ta ɗaure masa. A gaskiya tsoka ce ta takure da kanta ta ƙi sakin jiki, kuma galibi cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna take warwarewa, ko da yake wurin kan yi tsami har washegari.

Wannan ɗaurewar ta fi addabar tsofaffi, da masu ciki idan wata ya yi nisa, da masu aikin ƙarfi a rana, irin leburan da ke ɗaukar bulo a zafin Afrilu, gumi na zuba, ruwa kuwa sai an tuna. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma suna jawo ta.

Idan ta kama ka, miƙe ƙafar sambal, ka jawo yatsun zuwa wajen ƙaurinka, ka riƙe har ta saki. Sannan ka murza wurin a hankali, ka ɗan taka. Wannan ya wadatar. Kada a nemi kwinin: hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 cewa haɗarinsa ya fi amfaninsa a wannan matsala. Tsagar wanzami kuwa rauni kawai za ta ƙara.

Abin tsoro shi ne ɗaurewar da ta zo da rakiya. Mai gudawa da amai da ƙafafunsa suka fara ɗaurewa, ruwa da gishirin jikinsa ne ke ƙarewa. A haɗa masa ruwan gishiri da sukari, wato lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibiti. Ƙafa ɗaya da ta kumbura, ta yi zafi, ciwon ya ƙi tafiya, kada a murza ta, domin mai yiwuwa jini ne ya daskare a ciki.

Wanda kuma ƙusa ko fartanya ta ji wa rauni, bayan kwana 3 zuwa 21 muƙamuƙinsa ya ƙi buɗewa, wuya ya sandare, wannan sarƙe-haƙora ne, tetanus a bakin likitoci. Haka jaririn da ya daina kama nono, jikinsa na sandarewa, bayan an yanke cibiya da tsohuwar reza. Waɗannan ba a kwana da su a gida.