Izinin Fayil a Tsarin Unix: Matsalar Lissafin Tushe Takwas

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna yadda shirin kwamfuta yake karanta izinin fayil da yadda yake kafa shi, sa'an nan mu ja hankali ga wani kuskure da ke tona asirin fayil. Za mu taƙaita ga tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs, a Amurka, cikin 1969.

2.0 Sigar Izini

Unix ya kasa masu amfani gida uku: mai fayil, da rukuninsa, da sauran jama'a. Kowane gida yana da izini iri uku, kowanne da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, zartarwa 1. Akan tara na kowane gida a sami lamba guda. Alal misali, 644 na nufin mai fayil ya karanta ya rubuta, saura kuwa su karanta kurum. Da yake jimlar ba ta wuce 7, lissafin na tushe takwas ne.

3.0 Karantawa da Kafawa

A harshen C, stat ne ke kawo bayanin fayil. Sai dai gurbin st_mode ya haɗa izini da nau'in fayil, don haka sai an tace shi da 0777 kafin a sami izinin gidajen uku zalla. Kafawa kuwa aikin chmod ne.

Nan ne gizo ke saƙar. Sifirin farko shi ke shaida wa C cewa lambar ta tushe takwas ce. Idan aka rubuta 644 ba sifiri, za a ɗauke ta a tushe goma, watau 1204 a tushe takwas. Sakamakon shi ne mai fayil ya rubuta amma ya kasa karantawa, rukuninsa ba su da komai, bare kuwa ya karanta. Ga shi kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba, domin lambar halattacciya ce.

4.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce a riƙa amfani da sunayen da POSIX ya tanada, kamar S_IRUSR da S_IWUSR, maimakon lambobi tsura. Bayan an kafa izini kuma, a sake kiran stat a tabbatar, musamman ga fayil mai ɗauke da sirri, wanda 0600 ne ya dace da shi.