Azurfar Tunawa da Ranar Sayarwa

Idan kaka ta yi kyau a ƙasar Agye da Gazawa, aka sayar da aya da wake da gyaɗa a kasuwar Cadawa, magidanci kan fara tunanin inda zai ɓoye rarar da ta saura. Ba a manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi, masu fatauci zuwa Katsina kuma sun ga yadda naira ke narkewa a aljihu. Shi ya sa wani ke sayen jar akuya, wata ta sayi 'yan kunnen zinariya. Ga kuma wata haja da ake tallatawa ta waya ko a zo da ita tsaraba daga waje: ƙwandalolin azurfa masu ƙyalli, da hoton wani shugaba ko masallaci ko dabbar dawa, cikin ɗan akwati mai laushi, haɗe da takardar shaida da ke cewa kaɗan aka buga.

Azurfa ba baƙuwa ba ce a nan. Bature matafiyi Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa a Janairun 1851 a hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, kuma a Kano ya tarar ana canjin liyarin azurfa guda a kan wuri 2,500. Shahararren liyarin wancan zamani shi ne mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a jikinsa, a Biyana, daga baya har a Landan da Paris da Roma da Bombai. Nauyinsa giram 28 ne da 'yan kai, azurfa tsantsa a ciki kuwa ta ɗan haura giram 23. Kakanninmu ba ruwansu da ko wace ce matar. Abin da suka sani shi ne ko'ina ka kai shi, daga Barno har Makka, nauyinsa ɗaya ne. Mata sun huda shi sun rataya a wuya, maƙeran farfaru da na Agadas sun narkar da shi sun yi zobba da mundaye. Har yau wasu na tsintar irinsa a kayan gado, su ga 1780 su ɗauka sun tono dukiya. Galibi bugun baya ne, kuma an buga miliyoyi ɗaruruwa, don haka kuɗinsa bai cika nisa da kuɗin azurfar da ke ciki ba.

Ƙwandalar tunawa da kamfani mai zaman kansa ya buga dabam take. Ba kuɗin kowace ƙasa ba ce. Kamfani ne ya sayi azurfa, ya zana hoto, ya biya masu talla, ya ɗora ribarsa. Mai saye duk ya biya waɗannan. Ranar sayarwa kuwa, maƙeri zai ture akwatin gefe, ya ɗora ƙarfen a kan ma'auni.

Amurkawa sun riga mu shan wannan darasi. Kamfanin Franklin Mint, wanda Joseph Segel ya kafa a 1964 a jihar Pensilbaniya, ya sayar wa dubban gidaje jerin lambobin azurfa, kowane wata a aiko maka da ɗaya ka biya. Mutane suka riƙa tarawa da niyyar barin wa 'ya'ya gado. A 1978 shirin talabijin na 60 Minutes ya nuna yadda dillalai ke tayin da bai kai abin da masu tarawa suka kashe ba. Da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabi a Janairun 1980, lokacin da 'yan'uwa na gidan Hunt a Tekzas suka yi ta sayenta har oza guda, wato giram 31.1, ta kusa dala 50 ta Amurka, lambobi masu yawa sun ƙare a tukunyar narkarwa. Wanda ya sayar a wannan ɗan tsakanin ya ci riba, amma azurfar ce ta ba shi, ba zanen ba. Kafin ƙarshen Maris na shekarar oza ta faɗo zuwa wajen dala 11, kuma sai a 2011 ta sake kusantar 50. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ba kowa ke da haƙurin wannan jira ba.

Akwai wani nau'in da ya fi ruɗar mu a Nijar: ƙwandalolin da ke ɗauke da sunan Jamhuriyar Nijar da rubutun sefa 1000, waɗanda kamfanoni a Turai ke bugawa don masu sha'awar tarawa. Ganin sunan ƙasa kan sa mutum ya zaci hukuma ta tsaya musu. Kuɗin da ke yawo a hannunmu bankin BCEAO ne ke fitar da shi, mai hedikwata a Dakar da reshe a Maradi. Mai shago a Tsibiri ko Gidan Runji ba zai ba ka sukari da waccan ƙwandalar ba. Ko da ma ya karɓa, jika ɗaya ce aka rubuta, kai kuwa ka biya ninkin-ba-ninkin.

Gaskiya ne wasu tsofaffin tsabar kuɗi da ba a samunsu da sauƙi suna tsada a wuraren gwanjo na Turai. Amma wannan kasuwa ce ta masana, mai kundayenta da dillalanta, kuma ba ta ci a Maradi. Kalmar “kaɗan aka buga” ma ba ta da amfani idan babu masu nema. Abin da ba kowa ke so ba, ko guda goma ne a duniya, sai ya yi kwantai.

Wanda duk da haka ransa ya biya, to ya yi lissafi kafin ya miƙa kuɗi. Ya nemi nauyin a giram, ya duba lambar da aka buga: 999 tsantsa ce, 925 na nufin cikin kashi dubu, 75 wani ƙarfe ne, yawanci jan ƙarfe. Oza ta masu azurfa giram 31.1 ce, farashinta na ranar kuma yana cikin waya. Ya auna tazarar da ke tsakanin kuɗin ƙarfen da abin da ake nema a hannunsa, don wannan tazarar ce ke ɓacewa da zarar ya biya. Ya kuma yi hattara da mai ruwan azurfa, wato jan ƙarfe ko farin ƙarfe da aka yi wa shafe. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, sai dai shi ma jan ƙarfe ba ya kama shi, saboda haka wannan gwajin bai wadatar ba. A kai wa maƙeri ya goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, a kuma tambaye shi kai tsaye: “Yau in na kawo maka, nawa za ka saya?”

Malamai ma da nauyi suke aiki. Nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, kuma a mazhabar Malikiyya abin da aka ajiye don tara dukiya yana shiga lissafi, saɓanin adon da mace ke sawa. Mai lambobi ashirin masu oza ɗaya ɗaya na azurfa tsantsa ya riga ya haye nisabi, kuma idan shekara ta zagayo zai fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari, ko ya taɓa buɗe akwatin ko bai taɓa ba.